Yadda Na Rasa Gunna, Da Yadda Ta Dawo Mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar Islamiyya ce a cikin Kano, tajwidi nake koya wa ajin 'yan mata. Abin da zan ba da labari a kai ƙarami ne a idon wanda bai taɓa shiga cikinsa ba, wato toshewar hanci. Ka ce wa mutum hancinka a toshe yake, zai ce "ayya, mura ce, Allah ya sawwaƙe", ya wuce abinsa. Ni tawa shekara takwas ta yi a kaina, ta taɓa barcina, ta taɓa azumina, ta taɓa karatun Alƙur'anin da nake koyarwa. Na daɗe ina son in rubuta, domin na san akwai mata da maza da yawa da ke yawo da 'yar kwalbar da na yi yawo da ita, ba su kuma san halin da suke ciki ba.

Abin ya faro ne a hunturun 2014, ina da ciki na biyu wata shida. Wanda ya san Kano a watan Disamba ya san yadda hazo yake sauka, a share ɗaki da safe, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a kan tebur. Hancina ya toshe ruf, ba majina, ba zazzaɓi, toshewa kawai. Da na kwanta sai kafofin biyu su rufe, in tashi zaune ina haki. Daga baya likita ya gaya mini cewa mata da yawa hancinsu yakan kumbura a lokacin goyon ciki saboda canjin da jiki ke yi, kuma yawanci yakan warware da kansa cikin makonni biyu bayan haihuwa. Da na san haka a lokacin, wallahi da na daure.

Maigidana ya gaji da ganina ina kwana a jingine da bango. Wani dare ya biya ta kemis, ya dawo da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba. Na ɗaga kai, na ɗiga biyu a kowace kafa. Kafin in gama mayar da murfin na ji kamar an wangale taga a cikin kaina, iska mai sanyi ta ratsa har tsakar ka. Na yi barcin da na manta ɗanɗanonsa. Da safe har addu'a na yi wa mai kemis ɗin. Akwai 'yar takarda a ninke a cikin kwalin, da ƙananan rubutu, na haɗa ta da kwalin na zubar. Sai bayan shekaru na warware irinta na karanta, na ga an rubuta kada a wuce kwana 7 ana amfani da shi. Sinadarin da ke ciki sunansa zailometazolin, yana da ɗan uwa da ake kira oksimetazolin, kusan aikinsu ɗaya.

Na haihu lafiya, aka yi suna, na yi arba'in, hunturu ya wuce, hanci bai buɗe ba sai da digo. Da farko sau biyu a rana. Kafin shekara ta zagayo ya koma sau huɗu. A ƙarshe duk bayan awa biyu ko uku sai na ɗiga, har cikin dare, ina yi ido a rufe. Kwalba ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a jaka, ɗaya a aljihun tebur a makaranta, ɗaya a kicin bayan gwangwanin shayi. In za mu je biki ko gaisuwa, kafin in duba waya sai na laluba na ji tana nan. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin kamu ba. A wurina magani ne, ina da ciwo, ina shan magani.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne aji. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san gunna. Sauti ne da ke fitowa daga can cikin hanci, yana tare da nunun da mimun, ya fi bayyana idan suna da shadda, a riƙe shi gwargwadon haraka biyu. Ibnul Jazari, babban malamin tajwidi, da ya gama lissafa mafitar haruffa a baitocinsa da ita ya rufe, ya ce gunna mafitarta haishumi, wato can cikin hanci. Yadda muke gwada wa yara kuwa ba wuya: ki ce "inna", ki ja sautin, sai ki matse hancinki da yatsu biyu. In sautin ya ɗauke, gunnarki ta yi. In ya ci gaba da fita, to daga baki kike kawo shi. Ni kuwa hancina a matse yake ba tare da yatsa ba. In na buɗe Suratun Naba'i zan ce "Amma", sai ya fito kusa da "Abba". Nunun ɗin da ke cikin Suratun Nasi ya riƙa karkata zuwa dalun. Ihfa'i, idgami, iƙlabi, duk hukuncin da ke buƙatar hanci na san shi a kai, na iya bayaninsa a allo, amma bakina ya kasa ba da misalinsa. Sai na koyi dabara: kafin in shiga aji bayan la'asar in tsaya a bayan ƙofa in ɗiga, in samu awa guda da rabi ina karatu kamar kowa. Zuwa ƙarshen darasi hancin ya fara rufewa, sai in ce wata ɗaliba ta biya, ni in yi gyara da baki kawai. Yara ba su taɓa ce mini komai ba, tarbiyya ta hana su. Amma kunnen yaro ba ya barci, abin da ya ji shi yake ɗauka.

A gida ba abin da ba a gwada ba. Umma ta ce sanyi ne, ta hana ni ruwan firiji da wanka da yamma. An yi mini sirace da ganyen darbejiya da man zafi, na lulluɓa da bargo har gumi ya jiƙa ni. Man habbatussauda, tafarnuwa, citta da kanumfari da zuma, duk na sha na shaƙa. Wata 'yar uwa har ta fara kawo zancen ko hannu aka sa mini saboda karatu. Siracen yakan ba ni sauƙi na minti goma. Abu ɗaya da ba wanda ya taɓa kawowa a ransa, har ni, shi ne kaskon turaren wuta da nake kunnawa safe da dare a ɗaki rufe, da maganin sauro na kunnawa a lokacin damina.

Sai kuma dare. Baki buɗe nake kwana, in farka harshe ya bushe kamar tsohuwar fata, leɓe ya tsage, kai yana sara. Na fara minshari, abin da ban taɓa yi ba. Maigidana bai taɓa furtawa ba, Allah ya saka masa, amma na sha farkawa in ga ya koma falo da matashinsa. Ƙanshi ma ya tafi a hankali. Miya ta sha ƙonewa ina tsaye a tsakar gida, sai yara sun ce "Mama, wani abu yana ƙauri."

Azumi kuwa wata jarrabawa ce daban. Malamanmu sun ce abin da aka zuba ta hanci ya kai maƙogwaro yana karya azumi, ga kuma hadisin Laƙiɗu ɗan Sabira da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai dai in mutum yana azumi. Don haka da sahur nake ɗigawa na ƙarshe. Kafin hantsi hanci ya rufe, in wuni ina jan iska ta baki a zafin Kano. Ana kiran magariba, wallahi kafin dabino kwalbar nake fara ɗauka.

Daren da ba zan manta ba yana cikin kullen korona, watan Afrilu na 2020, lokacin da aka hana fita a Kano. Kwalabena suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyu na dare na matsa ta ƙarshe, iska kawai ta fito. Na tashi na bi jakunkuna da aljihunan hijabai ina zazzagewa a tsakar ɗaki. Da ban samu ba, na ɗiga ruwa a cikin tsofaffin kwalabe uku, na girgiza, na haɗa na zuba a hanci ko zan samu ɗan sauran maganin da ya manne a jikinsu. Hannuna yana rawa, ƙirjina yana bugawa, ina jin kamar numfashina zai tsaya, alhali bakina a buɗe yake, iska tana shiga. Maigidana ya zauna a bakin gado yana kallona, ya ce a hankali, "Malama, wannan fa ya wuce mura." Na san gaskiya ya faɗa. Da gari ya waye ya samo mini kwalba huɗu, na ɓoye maganar a raina na ci gaba.

A tsakanin nan ne na fara neman na'ura. Ƙanena mai bin intanet ya riƙa turo mini bidiyo daga YouTube. Ya sayo mini wata 'yar na'ura mai batir da ƙafafu biyu da ake zurawa a hanci tana ba da jan haske. Wata guda ina zama da ita bayan isha'i, ban ga canji ba. Ya kawo filasta mai ƙarfi da ake mannawa a kan karan hanci ta ɗaga gefensa, irin wadda ake gani a fuskar wasu 'yan ƙwallo. Ita ma ba ta yi mini komai ba. Na yanke cewa duk yaudara ce. Sai daga baya na gane ba laifin filastar ba ne, an yi ta ne don wata matsala da ba ita ce tawa ba.

Abin da ya kai ni asibiti wata ɗaliba ce. A ƙarshen 2022 muka kai yara musabaƙa ta matakin ƙaramar hukuma. Akwai yarinyar da nake ji da ita, tun tana ƙarama take hannuna, hadda kamar ruwa, murya mai daɗi. Ta karanta ba a buga mata ƙararrawa ko sau ɗaya ba, amma da sakamako ya fito ba ta cikin ukun farko. Bayan an tashi, ɗaya daga cikin alƙalan, dattijo mai mutunci, ya kira ni gefe ya ce, "Malama, yarinyar nan haddarta ba ta da makusa. Amma gunnarta daga baki take fitowa, a duba mata." Bai san ni ce malamar tajwidinta ba. Na ce to, na gode, Allah ya saka da alheri. A mota na saurari yarinyar da kunnen basira, sai na ji muryata ce a bakinta, irin muryata ta ƙarshen darasi. Amana aka ba ni, na miƙa mata ciwona a matsayin karatu. A daren na gaya wa maigidana ya nemo mana likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

A watan Janairu na 2023 muka gan shi. Ban gama bayani ba ya ce, "Malama, kwalba nawa ce a jakarki yanzu?" Na ce biyu. Ya ce in ɗora su a tebur. Sai ya ɗauko wani siririn bututu mai fitila da kyamara a baki, ya zura a hankali, ya juyo mini allon. Karo na farko ke nan da na ga cikin hancina. Wani jan nama ne ya kumbura ya cika hanya har yana taɓa bangon tsakiya, sai 'yar tsaga kamar bakin asusu. Ya ce a kowace kafar hanci akwai tudun nama guda uku a jere, ɗaya bisa ɗaya, likitoci suna ce musu tabinet, na ƙasan ya fi girma, shi ne nake gani. Aikinsu su dumama iska, su jiƙa ta, su tace ƙura kafin ta isa huhu, ga shi mutum yakan ja iskar da ta kai kimanin lita 10,000 a rana. Cikinsu cike yake da jijiyoyin jini, shi ya sa suke kumbura su saɓe, har ma a mai lafiya kafofin biyu karɓa-karɓa suke yi duk bayan 'yan awoyi. Digon da nake sawa matse jijiyoyin yake yi, naman ya saɓe. Da ƙarfinsa ya ƙare sai jini ya dawo fiye da da, naman ya kumbura fiye da da. "Bashi da ruwa kike ci," in ji shi, "shekara takwas kina biyan ruwan, uwar kuɗin tana nan."

Ya sa na ɗora yatsa a kumatuna kusa da hanci na ja zuwa wajen kunne, in shaƙa. Ya ce na ji an buɗe? Na ce a'a. Ya ce to shi ya sa filasta ba ta yi miki aiki ba, ita tana taimakon wanda gefen hancinsa ne yake lotsawa in ya ja iska, ke kuwa taki toshewar a ciki take. Ya tura ni hoton siti-sikan, aka ga ba tsiro, ba ruwa a kogunan fuska, bangon tsakiya ya ɗan karkace amma bai kai a taɓa shi ba. Ya yi tambaya kan atishawa da ƙaiƙayin ido, da turare, da hayaƙi, ya ce akwai alamar jikina ba ya jituwa da ƙura.

Nan na fito da waya na nuna masa bidiyon da ƙanena ya turo, na ce ni dai na'ura nake so a sa mini a gama. Bai yi fushi ba. Ya ce na'urori suna nan iri-iri, kowacce da wurin da take gyarawa. Akwai VivAer da ake dumama cikin hanci da ita a daidai ƙuncin da ke kusa da ƙofa, ba tare da yanka ba. Akwai RhinAer da ClariFix da ke zuwa can baya wajen jijiyar da ke umartar hanci ya yi ta zubar da ruwa, ta farko da ɗumi, ta biyu da sanyi mai daskarwa, sun fi dacewa da mai yawan yoyon hanci. Akwai Latera, ɗan siririn tallafi da ake sakawa a gefen hanci mai lotsawa, jiki ya narkar da shi cikin kamar wata 18. Duk a Amurka aka ƙera su, suna da tsada, shi ma ba ya da su. Wadda za ta iya dacewa da ni tsohuwa ce a kan waɗannan, tun ƙarshen shekarun 1990 ake aiki da ita, allura ce mai aiki da zangon rediyo da ake rage tudun naman da ita. Amma ya ce ba zai tura ni ba sai na bar digo, na yi wata uku ina bin magani, domin yanzu ba a san girman naman na gaskiya ba. Na ce to a yanke shi gaba ɗaya mana in huta. Fuskarsa ta canza. Ya ce akwai waɗanda aka kwashe musu naman da yawa, hancin ya zama fili fetal, amma su suna jin kamar an shaƙe su, domin fatar da ke jin wucewar iska ta tafi, hancin ya bushe, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Tun daga ranar ban ƙara roƙon a yanke ba.

Barin kwalbar ya fi aikin na'urar wuya nesa ba kusa ba. Ya ce in fara da kafa ɗaya, in daina sa wa ta dama, in ci gaba da ta hagu har ta dama ta farfaɗo. Ya rubuta mini maganin fesawa mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, ya ce wannan ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi mako ɗaya ko biyu ana yi kullum, ya nuna mini in riƙe da hannun hagu in fesa a kafar dama, bakin yana kallon wajen kunne, kada ya riƙa dukan bangon tsakiya ya jawo haɓo. Sai wankin hanci da ruwan gishiri safe da yamma: rabin lita na ruwa, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, a zuba a gorar roba mai matsawa, a sunkuya, a tura ta kafa ɗaya ya fito ta ɗayar. Ya ja mini kunne sosai cewa ruwan sai an tafasa shi ya huce, ko na famfo ne ko na rijiya. Akwai wata ƙwayar halitta a ruwa mai ɗumi wadda in an sha ba ta komai, amma in ta shiga can saman hanci takan kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take faruwa ba, amma ta kashe mutum biyu a jihar Luwiziyana ta Amurka a 2011 ta hanyar wankin hanci da ruwan famfo, ta kuma kashe mutane a Karachi ta Pakistan. Ban taɓa wasa da tafasawar nan ba.

Kwana goma na farko kafar dama kamar an cusa mata siminti. Ga hunturu a kan ganiyarsa, ƙurar da ke tasowa daga ƙasar Chadi ta rufe gari. Nakan tashi cikin dare in zauna a kan sallaya ina istigfari, hannuna yana kaiwa ƙarƙashin matashi da kansa. A mako na uku ta fara buɗewa kaɗan-kaɗan, sai na bar ta hagu ita ma, aka sake sabon zama. Na fitar da kaskon turare daga ɗaki. Azumin 2023, wanda aka fara a ƙarshen Maris, shi ne na farko cikin shekara takwas da na yi buɗa-baki da dabino kamar kowa. Wata rana a cikinsa na ji ƙanshin daddawa daga gidan maƙwabta, na tsaya cak a tsakar gida.

Bayan ƙaramar Sallah na koma wurin likitan. Ya ce rabin ciwon ya tafi, kuma da yawa daga masu irin matsalata a nan suke tsayawa ba sai an yi musu komai ba. Amma ni naman ya riga ya yi kauri, da na kwanta yake rufewa, gunna kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ya rubuta mini takarda zuwa wani abokin aikinsa a wani asibitin kuɗi a Abuja mai na'urar. Na kwashi adashena, maigidana ya cika.

A watan Mayu aka yi. Na ɗauka ɗakin tiyata za a kai ni a sa ni barci, sai na ga kujera ce kamar ta likitan haƙori. Aka cusa mini auduga mai maganin kashe zafi a kafofin biyu, ɗacinsa ya gangara maƙogwaro har na ji kamar ba na iya haɗiyar yawu. Ma'aikaciyar jinyar ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, kina numfashi lafiya, maganin ne kawai." Bayan minti goma aka cire, aka yi 'yar allura a ciki, zuciyata ta ɗan yi gudu, likitan ya ce haka maganin yake yi, zai lafa. Sai ya ɗauko abin, siriri kamar allurar ɗinkin buhu amma bai kai ta kauri ba, da waya a jikinsa zuwa wani ɗan akwati. Ya ce zai shigar da shi ƙarƙashin fatar naman, ya dumama cikin da zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, fatar sama ta tsira, cikin kuma in yana warkewa ya tsuke ya ja naman baya. Ya taka wani abu da ƙafa, akwatin ya fara ƙara tit, tit, tit. Na ji ɗumi da nauyi, da wani ɗan tsami a haƙoran sama, da ɗan ƙauri. Ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Wuri biyu ko uku ya taɓa a kowane gefe. Duka bai wuce kwata na awa ba. Ɗan jini kaɗan ya fito, aka goge, na zauna rabin awa, muka fito muka hau mota.

An gaya mini makon farko zai fi muni, amma ji daban, gani daban. Hancin ya kumbura ya rufe fiye da duk yadda na taɓa sani. In na yi sujada sai in ji fuskata ta yi nauyi. An hana ni fyace da ƙarfi, alwala ma a hankali nake shaƙa ruwa. A dare na huɗu shaiɗan ya raya mini cewa an cuce ni, kuɗi sun tafi, ga hanci ya ƙara lalacewa. Akwai kwalba ɗaya da na ɓoye a ƙasan akwati tun Janairu, ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko ta, na riƙe ta a hannu na daɗe. Sai na tashi maigidana na miƙa masa na ce, "Malam, riƙe wannan, kada ka ba ni ko na yi kuka." Ya karɓa bai ce komai ba, ya fita da ita waje. Daga nan tasono mai haɗe da busasshen jini ya riƙa fitowa a wajen wanki, a mako na biyu likitana na Kano ya zuƙe sauran da na'urarsa.

Ba rana ɗaya ya buɗe ba. Kamar wayewar gari ne, ba ka iya nuna lokacin da duhu ya tafi. Wajen mako na biyar na farka da kiran assalatu, na ji wani abu baƙo: bakina a rufe, harshena da danshi. Na kwanta shiru ina jin iska tana shiga tana fita ta inda Allah ya yi mata hanya. Bayan na idar da salla na ɗauko Alƙur'ani na buɗe izu na biyun ƙarshe. Na ce "Amma", na riƙe mimun ɗin, sai na ji karan hancina yana rawa har zuwa goshi. Na maimaita ya fi sau goma. Hawaye ya hana ni kaiwa aya ta biyu.

Ba zan ce muku na warke sarai ba, domin ba haka ba ne. Likita ya gaya mini tun farko cewa na'urar ta rage nama ne, ba ta cire rashin jituwata da ƙura ba, kuma naman yana iya sake kauri bayan shekaru, in ya yi ana iya maimaitawa. A hunturu na biyu bayan aikin kafar hagu ta ɗan riƙa rufewa da dare. Na koma wa feshin da wankin gishiri, na sa takunkumi in zan fita cikin hazo, ta lafa. Turaren wuta ne ya fi yi mini wuyar rabuwa, mace ce ni, da shi na tashi. Yanzu a tsakar gida nake turara kaya, in bar su su sha iska kafin su shiga ɗaki.

Wata abokiyar aikina da ta ga na samu sauƙi ta ce ita ma wannan na'urar za ta nema kai tsaye. Na roƙe ta ta fara bari a leƙa da kyamara. Da aka duba, tsiro ne ya cika mata hanci, masu laushi kamar 'ya'yan inabi, maganinta da aikinta daban da nawa. Wani ɗan uwan maigidana kuma da ya ja kumatunsa a gabanmu nan take ya ji an buɗe, shi filastar nan da na raina ita ce take ba shi barci har yau. Mu uku, kowa "hancina a toshe" yake cewa.

Yarinyar nan ta musabaƙa na zaunar da ita na gaya mata gaskiya, na nemi afuwarta. Wata huɗu muka yi muna warware abin da na ɗaura mata, harafi bayan harafi, ta riƙe hancinta ta saki, ta riƙe ta saki, har ya zauna. A farkon zangon nan aka kawo mini sababbin yara, ƙanana, wasu ko izu biyu ba su haɗa ba. Da muka zo babin nunun da mimun masu shadda na ajiye alli, na ce kowa ta zuba mini ido. Na ja "inna", na sa yatsu biyu na matse hancina, sautin ya ɗauke ɗif. Na saki, ya dawo. Na ce, to ku ma ku yi in ji.